Tambaya ta Ashirin da Ɗaya

Takardar tana nan har yau a cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye shaidar karatuna. Ta yi ja, gefenta ya cinye, kuma akwai tabon mai a kusurwarta ta hagu, inda na ɗora ƙosai wata safiya. Tambayoyi 20 ne a jikinta, waɗanda mu huɗu 'yan ɗaki ɗaya a jami'a a Sakkwato muka tattara, muka kai aka buga mana, don bitar jarrabawar da ke jiranmu bayan hutu. Bakwai a kan farkon tarihin Amurka, bakwai a kan tsarin gwamnati, shida a kan yadda daulolin dā suka faɗaɗa mulkinsu. A can ƙasa kuma akwai layi ɗaya da aka ƙara da fensir. Rubutuna ne, amma tambayar ba tawa ba ce.

Da wannan takarda na dawo gida Zuru a hutun ƙarshen shekarar 2003. Hunturu ya sauka, an gama girbin dawa, ƙauyuka suna ta shirin bikin Uhola. Ni kuwa ba ta biki nake yi ba. Ni ne na farko da ya shiga jami'a a gidanmu, kuma na san yawan buhunan da aka sayar kafin a biya mini kuɗin rajista. Faɗuwa ba ta cikin lissafi.

Mahaifina Bakatsine ne, fatauci ya kawo iyayensa Zuru suka zauna. Mahaifiyata kuwa 'yar ƙasa ce, daga mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari, su kuma suke kiran kansu Lelna. Da Hausa na tashi. Harshen C'lela ina jin rabinsa, in na buɗe baki kuma 'yan'uwan mahaifiyata su yi ta dariya. Mahaifinta, wanda kowa a unguwa ke kira Baba Kofur, yana zaune tare da mu tun bayan rasuwar kakata. Tsohon soja ne da ya je yaƙin Bama. A lokacin ya haura shekara 80, idonsa ya fara hazo, amma kunnensa ko faɗuwar allura ba ta wuce shi.

Kullum da hantsi yana kan kujerarsa ta kwance a gindin darbejiya, da rediyonsa a gefe. Ni kuma ina kai da komo a tsakar gida, takarda a hannu, ina maimaita amsoshi da Turanci kamar mai tilawa. A rana ta uku ya kashe rediyon.

"Kai ɗan boko, da wa kake faɗa tun safe?"

"Karatu nake yi, Baba."

"To zo ka karanta mini da Hausa, in ji abin da aka sayar da dawar gidan nan a kansa."

Na jawo turmi na kifa, na zauna. Gaskiya da ɗan alfahari na zauna, don na ga dama ta samu da zan nuna wa tsoho abin da na sani.

Tambaya ta farko: me ya sa yankuna 13 na Turawan da suka zauna a Amurka suka yi wa Ingila tawaye? Na bayyana masa cewa gwamnatin Ingila ta riƙa ɗora musu haraji alhali ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. Na ba shi labarin yadda a 1773 wasu mutanen Boston suka hau jiragen ruwa suka zubar da ganyen shayi a teku don nuna fushi, da yadda a ranar 4 ga Yulin 1776 suka shelanta 'yancin kansu. Baba Kofur ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe haraji ne. Ko'ina ka ji rigima, tono ƙasanta, haraji ne." Ya ce shi kansa neman kuɗin haraji na cikin abin da ya fitar da samarin zamaninsu daga gona zuwa bariki.

Muka wuce zuwa tsarin mulki. Na gaya masa yadda wakilai suka taru a Filadelfiya a 1787 suka raba iko gida uku, masu yin doka, masu zartarwa da masu shari'a, don kada wani ya haɗiye sauran. Na gaya masa yadda ƙananan jihohi suka ji tsoron manya za su danne su, har aka sasanta a kan majalisa biyu: ɗaya ana rabon kujerunta bisa yawan jama'a, ɗaya kuma kowace jiha tana da kujera biyu, komai ƙanƙantarta. Na ƙara da cewa irin wannan tsari Najeriya ta ara a 1979, shi ya sa kowace jiha take da sanata uku. Wannan ya yi masa daɗi. Ya ce, "Waɗannan sun san halin mutum. Ƙaramin icce ba ya girma a inuwar babba."

Sai muka iso tambaya ta 16: kawo dalilai biyar da suka sa daular Rum ta faɗaɗa. Wannan na haddace ta kamar sunana. Na lissafa horon sojojinsu, da hanyoyin da suka shimfiɗa da duwatsu, da ƙawancen da suke ƙullawa da garuruwa, da raba kan abokan gaba. Na biyar shi ne, idan sun ci wata al'umma da yaƙi, sai su ɗebi samarinta su sa su cikin rundunar taimako, su tura su can wata iyaka mai nisa. Wanda ya yi shekara 25 yana aiki, sai a ba shi shaidar zama ɗan ƙasar Rum, a rubuce a kan farantin tagulla.

"Maimaita wannan," in ji shi.

Na maimaita. Ya yunƙura ya tashi, ya dogara sandarsa ya shiga ɗaki. Na ji yana buɗe akwati. Da ya fito, sai ya miƙo mini wani ƙullin tsumma. A ciki akwai lambar yabo mai siffar tauraro, mai tsini shida, ta dushe, ƙyallenta ya koɗe. Na sha jin labarinta, amma ranar na fara riƙe ta.

"Mu ma tagulla aka ba mu," ya ce. "Su an ba su zama 'yan ƙasa. Mu aka ba mu tauraro, aka ce kowa ya koma garinsu."

Ban san abin da zan ce ba, sai na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya koma ya zauna, ya sa na karanta masa sauran tambayoyin har ta 20. Da na gama ya yi shiru, har na ɗauka gyangyaɗi ya kama shi. Can sai ya ce:

"Ka ce daula ta faɗaɗa. Ta faɗaɗa a kan wa? Ko tabarma za a shimfiɗa, sai an share abin da ke ƙasa. A cikin tambayoyin nan naka ashirin, wacce ce ta tambayi waɗanda aka share? Su me suka ce?"

Amsar da na ba shi ita ce har yau take damuna. Na ce, "Baba, wannan ba ta cikin manhaja."

"To sa ta. Rubuta."

Na zaro fensir daga bayan kunne na rubuta a ƙasan takardar, ina murmushin wanda ke biye wa tsoho: 21. Waɗanda aka ci, me suka ce? Ya ce in zo ɗakinsa bayan cin abincin dare, zai gaya mini abin da kakarsa ta gaya masa game da shekarun da dawakin Kwantagora suke shigowa ƙasar nan. Na ce to.

Ban je ba. A daren akwai ƙwallo a gidan kallo. Kashegari na ce sai na gama haddar tambayoyin gwamnati. Daga nan sai baƙi, sai biki, sai hutu ya ƙare. Bai sake tuna mini ba, don ba mutum ne mai roƙon a saurare shi ba. Na koma Sakkwato, na ci jarrabawar da maki mai kyau. A daminar 2005 ya rasu, ina makaranta, ban ma sami jana'izarsa ba. Abin da ke cikin kansa ya tafi da shi.

Shekaru suka wuce kafin in gane cewa kowace tambaya a takardar nan tana da ta 21 a ɓoye a ƙarƙashinta. Na koma na sake karanta tarihin Amurkan da na ci jarrabawa a kansa, sai na tarar rabin labarin kawai na haddace. Turawan Ingila sun kafa Jamestown a 1607, amma ba a kan kufai suka sauka ba, akwai mutane a wurin, da gonakinsu da sarakunansu. A 1619 aka sauke 'yan Afirka na farko a Virginia. Thomas Jefferson, wanda ya tsara shelar 'yancin kai da ke cewa an halicci mutane daidai, yana da bayi ɗaruruwa. Tsarin mulkin 1787 da ya burge Baba Kofur, a cikinsa ne aka yarda a ƙirga bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa. A 1830 kuma aka yi dokar kwashe 'yan asalin ƙasar zuwa yammacin kogin Mississippi. A 1838 aka tasa ƙeyar al'ummar Cheroki daga yankin Jojiya zuwa inda yau ake kira Oklahoma, dubbai suka mutu a hanya.

Haka ma Rum. Na san shekarar da ta rushe birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, shekara 146 kafin miladiyya. Amma kusan duk abin da ake karantawa game da mutanen Kartaj, Rumawa da Girkawa ne suka rubuta shi. An ƙone garin, an sayar da waɗanda suka rage, kuma bakin wanda ya ƙone shi ne ya ba da labari.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ba sai na tsallaka teku ba kafin in ga wannan. Yana nan a ƙofar gidanmu. A farkon ƙarni na 16 daular Songhai ƙarƙashin Askiya Muhammadu tana ta miƙe ƙafa zuwa gabas. Wajajen 1516, bayan yaƙin Agadas, Kanta ya saɓa da Askiya a kan rabon ganima, ya ɓalle, ya kafa daular Kabi, ya gina Surame, wadda ganuwarta ta duwatsu take nan har yau a Jihar Sakkwato. Mun taso muna jin ana cewa sunan Dakarkari daga "dakaru" ya fito, wai sojojin ƙasa ne na Kanta. Mutane da yawa suna alfahari da wannan, ni ma na yi. Amma ka lura: sunan da duniya ta san mutanen mahaifiyata da shi, suna ne na aikin da aka ce sun yi wa wata daula. Sunan da suke kiran kansu da shi, Lelna, sai ka shigo cikinsu za ka ji shi.

A ƙarni na 19 kuma sai ga Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1864. Daga zamaninsa zuwa na ɗansa Ibrahim, hare-haren neman bayi sun addabi al'ummomin da ke kewaye. Wannan shi ne labarin da Baba Kofur ya so ya ba ni. A 1901 Turawa suka ci Kwantagora, a 1903 suka ci Kano da Sakkwato. Sabuwar daula ta zo da haraji da bariki, ta kuma yi abin da Rum ta yi: ta ɗebi samarin waɗanda ta ci ta sa musu kaki. Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazuzzukan Bama tsakanin 1943 da 1945. Cikinsu akwai wani saurayi daga ƙasar Zuru wanda bai taɓa ganin teku ba, bai kuma san laifin da Japanawa suka yi masa ba.

Daga nan aikin soja ya zama kamar gado a ƙasarmu. Da wuya ka shiga gida a Zuru ba ka ga hoton wani cikin kaki a bango ba. Daga ƙasar nan Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Ita kanta ƙasar an yi ta ɗaukarta ana saukewa kamar kayan kasuwa: an taɓa haɗa ta da Kwantagora a lardin Neja, a 1976 ta faɗa Jihar Sakkwato, a 1991 ta koma Jihar Kebbi. Duk waɗannan shekaru ne masu kyau a yi tambayar jarrabawa a kansu. Abin da tsohuwa mai daka a Dabai ko Fakai ta ce da ta ji an sake musu babban birni, wannan ba wanda ya rubuta.

Kada a ɗauka ina cewa duniya ta kasu gida biyu ne, azzalumai a nan, bayin Allah a can. Ni kaina ban isa in faɗi haka ba, don jinin ɓangarorin biyu ke gudu a jikina. Ban san abin da kakannin mahaifina suke saye da sayarwa a kan hanyoyin fatauci na wancan zamani ba, kuma ba zan rantse a kansu ba. Tarihin ma ya nuna wanda aka danne jiya shi ke danne wani gobe. Amurka ta yi tawaye don an ɗora mata haraji ba da yardarta ba, ta juya ta kwashe Cheroki ba da yardarsu ba. Kanta ya ƙi zama a ƙarƙashin Askiya, ya kuma sa wasu a ƙarƙashinsa. Su ma waɗanda aka ci ba zama suka yi suna kuka ba. Sun hau duwatsu, sun gina ganuwa, sun yi yaƙi, sun yi sulhu, sun riƙe Golmo da Uhola da harshensu har zuwa yau. Wannan ma tarihi ne, har da tsarin mulki a cikinsa, sai dai ba a kawo shi a jarrabawa.

Yau shekara 16 ke nan ina koyar da darasin Gwamnati a wata makarantar sakandare a nan Zuru. Manhajar jarrabawar WAEC ta tanadi tsarin mulkin gargajiya guda uku kafin zuwan Turawa: na Hausa da Fulani, na Yarbawa, da na Ibo. Ina koyar da su yadda ya kamata, ina sa yara su haddace, don na san abin da iyaye suka sayar kafin su biya kuɗin rajista, kuma ba ni da ikon yin wasa da guminsu. Ina koyar da raba iko gida uku, da tsarin tarayya, da bambancin majalisar dattawan Amurka mai kujera 100 da tamu mai 109. Ban taɓa gaya wa ɗalibi cewa tarihin wasu ɓata lokaci ne ba. Ai da labarin Rum Baba Kofur ya gane tauraronsa. Wani lokaci sai ka leƙa gidan maƙwabci kake gane inda naka yake yoyo.

Amma a ƙarshen kowace takardar bita da na buga musu, ina ƙara tambaya ɗaya wadda ba ta da maki. Nakan ce su je gida su sami mafi tsufa a danginsu, su tambaye shi wane iko ne ya taɓa zuwa garinsu daga waje, me ya karɓa, me ya kawo, kuma mutanen garin me suka ce. Su rubuto da duk harshen da suka ga dama. Yawancinsu ba sa yi, tunda ba maki. Ba na fushi. Na san wani ɗalibi da aka gayyata har ɗaki ya tafi kallon ƙwallo.

Ba kowa ne ya ji daɗin wannan tambaya ba. Wata rana mahaifin wani ɗalibi ya same ni bayan an tashi, dattijo mai mutunci, muka gaisa. Ya ce, "Malam, yaran nan a benci ɗaya suke zaune, Bahaushe da Badakkare, Musulmi da Kirista. Mun sha wuya kafin mu kai ga zaman lafiyar nan. Don me za ka tono abin da aka binne? In yaro ya ji kakan abokinsa ne ya kama kakarsa, gobe da wane ido zai dube shi?"

Maganarsa tana da nauyi, kuma na kwana ina juya ta. Abin da na gaya masa daga baya shi ne: labaran nan ba a binne suke ba. Ana faɗinsu a ɗakuna, da daddare, kowane gida da nasa, ba mai jin na wani. Ranar da rigimar siyasa ta tashi, a nan ne suke fitowa, a bakin wanda ya fi kowa iya zuga. Na fi son su fito a aji, da rana tsaka, inda yaro zai ji na abokinsa bayan ya faɗi nasa, inda kuma malaminsu zai iya cewa shi jikan ɓangarorin biyu ne. Bai ce na gamsar da shi ba. Ya ce dai in riƙa taka-tsantsan, na ce in Allah ya so. Har yau muna gaisawa, kuma tun daga ranar ba na karanta amsar kowa a gaban aji sai da izininsa.

A zangon karatun da ya wuce wata yarinya ta kawo mini amsa. Danginta suna cikin waɗanda 'yan bindiga suka kora daga wani ƙauye ta wajen Danko-Wasagu, suna zaune a ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwansu a cikin gari. Yarinya ce mai shiru, ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Shafi ɗaya da rabi ta rubuta, da Hausa, da izininta kuma nake faɗin abin da ke ciki. Ta ce daren da aka shigo garinsu, kakarta ce ta ja su zuwa kan dutsen da ke bayan gari, ta wata hanya da ko mahaifinta bai sani ba. Da gari ya waye suka ga tsofaffin duwatsun niƙa da da'irar harsashin ɗakuna a cikin ciyawa. Kakar ta zauna a kan ɗaya ta ce musu, "Nan ne gidanmu na farko. Kakata a nan aka haife ta, lokacin masu dawaki. Wancan karon da doki suka zo, wannan karon da babur." A ƙarshe yarinyar ta rubuta: "Malam, kakata ta ce in tambaye ka, a littafin Gwamnati an faɗi wanda ya kamata ya tsare mu?"

An faɗa. Yana cikin darasin farko na aji ɗaya, inda muke lissafa ayyukan gwamnati, kuma tsare rai da dukiya shi ne a sama. Tsarin mulkinmu na 1999 ma ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Yarinyar ta san wannan, ta taɓa cin makinsa a gwaji. Na riƙe takardarta na daɗe a ofishin malamai ban iya ɗaukar jan biro ba. Da na mayar mata, na ce ta gaya wa kakarta an faɗa, kuma tambayarta ta fi duk waɗanda na buga. Na roƙe ta ta koma wurin tsohuwar da waya, ta naɗi duk abin da za ta faɗa, tun daga sunan dutsen har sunayen waɗanda suka zauna a kansa.

Ni ma a makon na ɗauki tawa wayar na tafi wurin mahaifiyata. Ta tsufa yanzu, ta kusa shekarun da Baba Kofur yake da su a wancan hunturu. Na tambaye ta ko ta san labarin da ya so ya ba ni. Ta ce ba ta riƙe duka ba, don lokacin da ake faɗa ita tana wajen murhu. Abu uku ta tuna. Kakarsa tana da ƙanwa da aka kama a bakin rafi ba a sake ganinta ba. Har ta mutu, in ta dafa tuwo sai ta ɗebi ɗan kaɗan ta ajiye a gefe. Sannan ta hana a sa wa kowace jikanya sunan ƙanwar, wai mai sunan tana nan da rai a wani wuri. Na tambayi sunan. Mahaifiyata ta yi shiru, ta rufe ido, ta daɗe, sannan ta ce ya ɓace mata.

Da na dawo gida na buɗe akwatin ƙarfen na ciro takardar. Fensirin ya kusa gogewa, sai na bi kansa da biro. A ƙarƙashin tambayar na rubuta abubuwan nan uku. Na bar fili a gaba, ko Allah zai sa sunan ya faɗo mata.